Me ya raba 'yan Presbyterian na Sikotland gida-gida, kuma me suka bari?

"Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a wata makarantar horar da fastoci a Filato. Muna karanta tarihin 'yan mishan da suka zo Kalaba, sai na ga an ce United Secession ce ta aiko Hope Waddell, United Presbyterian ta aiko Mary Slessor, can gaba na ga United Free, sannan Church of Scotland. Duk kuma an ce 'yan Presbyterian ne daga ƙasa ɗaya. Kaina ya ɗaure. Ƙaramar ƙasa kamar Sikotland, me ya kawo ɗariƙu da yawa haka? A kan me suka saɓa, kuma akwai abin da ya rage nasu a yau?"

Yauwa ɗan'uwa, barka kadai. Ba kai kaɗai wannan abu ya ɗaure wa kai ba. Duk sanda na zo wannan babi da ɗalibaina sai allo ya cika da layuka, wannan ya fita daga wancan, wancan ya dawo ya haɗu da wani, har mai kwafa ya rasa inda zai sa alƙalami. Abin da kake tambaya dai shi ne: mutanen da littafin akidarsu ɗaya, Zaburarsu ɗaya, tsarin shugabancinsu ɗaya, me ya hana su shan inuwa ɗaya? Bakin zaren shi ne, yawancin rabuwar nan ba a kan wane ne Allah ko yaya mutum zai sami ceto aka yi ta ba. A kan iko aka yi ta. Wa ke da hurumin naɗa wa jama'a fasto, kuma ina ne ikon sarki da gwamnati ya tsaya a sha'anin ikkilisiya? In ka kama wannan, sunayen za su daina ba ka tsoro.

Tushen maganar

A 1560 majalisar dokokin Sikotland ta raba gari da Roma, John Knox na kan gaba cikin masu wa'azin gyaran addini. Tsarin da ya kafu a hankali bayan haka ba ruwansa da bishop. Kowace ikkilisiya tana da fasto da dattawa da ke zama su duba al'amuranta, ikkilisiyoyin yanki ɗaya su haɗu a majalisar gunduma, sama da kowa kuma akwai Babban Taro. Sarakunan gidan Stuart ba su taɓa son wannan tsari ba, domin bishop sarki ne ke naɗa shi, yana kuma iya juya shi, amma taron dattawa ba ya juyuwa da sauƙi. A 1596, a fadar Falkland, wani malami mai suna Andrew Melville ya kama hannun rigar Sarki James na Shida, ya faɗa masa ido da ido cewa sarakuna biyu ne da masarautu biyu a Sikotland, kuma a masarautar Almasihu shi James ba sarki ba ne, ɗan ikkilisiya ne kamar kowa. Kusan duk rigimar da ta biyo baya daga wannan magana ta tsiro.

Da Sarki Charles na Ɗaya ya so ƙaƙaba musu littafin addu'a mai kama da na Ingila, sai aka yi bore a cocin St Giles da ke Edinburgh a 1637. A shekarar da ta biyo aka sa hannu a kan Alkawarin Ƙasa a cocin Greyfriars, aka rantse za a kare addini daga katsalandan ɗin fada, daga nan aka sami 'yan Alkawari. Bayan yaƙe-yaƙe, Charles na Biyu ya hau gado a 1660 ya maido da bishop-bishop, fastoci kusan 300 suka bar gidajensu da albashinsu suka ce ba za su bi ba. Jama'a suka riƙa bin su cikin daji da kan duwatsu ana sujada a fili, masu gadi na tsaye da makamai. Gwamnati ta sa sojoji su farauce su. An kashe Richard Cameron, ɗaya daga cikin masu wa'azin 'yan Alkawari, a 1680, jim kaɗan bayan ya tsaya a garin Sanquhar ya shelanta cewa ya tuɓe biyayyarsa ga sarki. A 1685 aka ɗaure mata biyu a jikin turaku a bakin teku a Wigtown, ɗayarsu Margaret Wilson 'yar shekara 18, aka bar su har ruwa ya taso ya rufe su. James Renwick kuwa, wani mai wa'azinsu, an rataye shi a Edinburgh a 1688.

A 1690, a zamanin Sarki William, aka tabbatar da tsarin dattawa a matsayin cocin ƙasa. Mabiyan Cameron suka ƙi shiga, domin sabon shirin bai sabunta Alkawarin ba. Shekara 16 suka yi ba fasto ko ɗaya, suna haɗuwa a gidaje suna addu'a, har John Macmillan ya zo musu a 1706, sannan suka kafa majalisarsu ta Reformed Presbytery a 1743. Su ne 'yan aware na farko, ko da yake su cewa za su yi ba su fita daga ko'ina ba, sauran ne suka kauce suka bar su. Ka riƙe wannan magana, don kusan kowace ƙungiya da za ta zo gaba haka take faɗa.

Dokar 1712

A 1707 Sikotland da Ingila suka haɗa majalisar dokoki ɗaya a Landan, bisa alkawarin cewa ba za a taɓa tsarin cocin Sikotland ba. Shekara biyar kacal aka yi, majalisar ta zartar da dokar da ta mayar wa manyan masu filaye, da fada, da wasu majalisun birane ikon zaɓar faston ikkilisiya. Ka ɗauka a garinku limami ya rasu, sai wani attajiri mazaunin birni, wanda wataƙila ma ba ɗariƙarku yake bi ba, ya aiko ɗan abokinsa ya ce ga sabon limaminku nan, kotu kuma tana bayansa. To haka abin yake. Masu filayen ba su rasa hujja ba: daga zakkar amfanin gonakinsu ake biyan fasto, su ne kuma ke gyara coci da gidan fasto. Amma a wasu garuruwan sai da aka zo da sojoji kafin a iya shigar da sabon fasto, domin jama'a sun tare ƙofa.

A watan Oktoba na 1732, Ebenezer Erskine, faston Stirling, ya yi wa'azi a taron fastoci a Perth, ya soki yadda shugabannin coci ke tauye haƙƙin talakawan ikkilisiya wajen zaɓen mai kiwonsu. Aka tsawata masa, ya ƙi janyewa. Abokai uku suka tsaya tare da shi, William Wilson, Alexander Moncrieff da James Fisher. A Disamba 1733 su huɗun suka zauna a Gairney Bridge, kusa da Kinross, suka kafa majalisarsu. Sun ce ba daga cocin Sikotland suka ɓalle ba, daga ɓangaren da ya mamaye shi ne, kuma sun ɗaukaka ƙara zuwa ga Babban Taro na farko da zai zauna da 'yanci da aminci. Ba a kore su a hukumance ba sai 1740. Akwai ɗan saɓanin wa'azi a ƙarƙashin abin, domin su Erskine suna ganin wa'azin manyan fastocin zamanin ya koma lacca kan kyawawan halaye, ba ya kiran mai zunubi ga alherin Allah kyauta. Masaƙa, ƙananan manoma, 'yan tireda da masu sana'ar hannu su suka fi bin su. Wannan ita ce Secession da ka gani a littafinka.

Ɓallewa ta biyu ta fi sanyin hali. A 1752 Babban Taro ya tuɓe Thomas Gillespie, faston Carnock, don ya ƙi sa hannu a ɗora wa mutanen Inverkeithing faston da ba sa so. Ya ci gaba da wa'azi shi kaɗai shekaru, har a 1761 shi da fastoci biyu suka kafa majalisar Relief a Colinsburgh, domin ta zama wurin shan iska ga duk ikkilisiyar da aka danne. Su ba su damu da tsohon Alkawari ba, suna karɓar Kirista daga wasu ɗariƙu a Jibin Ubangiji, kuma su suka fara shigo da littafin waƙoƙi ban da Zabura. A ganina su ne suka fi kowa hangen nesa a ƙarnin, amma su ne tarihi ya fi mantawa da su, wataƙila don ba su da dogon faɗa da za a ba da labarinsa.

Da 'yan aware suka juya wa juna

Nan ne ɗalibai ke fara dariya a aji, ni kuma ina barin su su yi, sannan mu duba abin da kyau. A biranen Edinburgh, Glasgow da Perth, duk mai son zama cikakken ɗan birni, wanda zai iya buɗe shago ko shiga ƙungiyar masu sana'a, sai ya yi rantsuwa cewa ya yarda da addinin gaskiya da ake bi a ƙasar a halin yanzu. Tambaya ta taso: wannan rantsuwa tana nufin addinin Furotesta ne gaba ɗaya, ko kuwa cocin gwamnatin da muka baro? A 1747 Secession ta dare biyu a kan haka. Masu cewa a yi rantsuwar aka kira su Burgher, masu cewa zunubi ne, ƙarƙashin Adam Gib, aka kira su Anti-Burgher. Ɓangaren Gib ya kori Ebenezer Erskine kansa da ƙanensa Ralph daga zumunta. Ana ba da labarin 'yar Ebenezer, wadda mijinta faston Anti-Burgher ne, cewa daga ranar ta ci gaba da zama matarsa amma ta daina zama a gaban wa'azinsa, kowace Lahadi sai ta tafi cocin ɓangaren mahaifinta.

Abin dariya ne daga nesa, amma ga maƙerin Perth ba wasa ba ne: abincinsa yana gefe ɗaya, lamirinsa yana ɗaya gefen, kuma mutanen nan sun ɗauki rantsuwa da sunan Allah da nauyin da mu ma ya kamata mu gane. Inda ba zan iya kare su ba shi ne rigimar shekarun 1780, lokacin da wasu 'yan Anti-Burgher suka ɓata da juna kan ko fasto zai ɗaga gurasa kafin addu'ar Jibi ko bayanta.

Rabuwa ta gaba ta fi ma'ana. Littafin akida na Westminster, wanda cocin Sikotland ya karɓa a 1647, ya ba mai mulki aikin kare addinin gaskiya da murƙushe ɓata. Da tafiya ta yi nisa, wasu suka fara cewa mu da gwamnati ta tsananta wa kakanninmu, yaya za mu koyar da cewa gwamnati na da takobi a sha'anin imani? Su ne 'yan Sabon Haske, masu riƙe tsohon ra'ayi kuma 'yan Tsohon Haske. Burgher suka rabu a kan haka a 1799, Anti-Burgher a 1806. Gida ɗaya ya zama huɗu. Amma daga nan ne aka fara ɗinkewa: an soke rantsuwar birni a 1819, sai 'yan Sabon Haske na ɓangarorin biyu suka ga ba abin da ya rage tsakaninsu, suka haɗu a 1820 suka zama United Secession. A 1847 su kuma suka haɗu da Relief, aka sami United Presbyterian mai ikkilisiyoyi sama da 500. Matsayinsu a lokacin ya fito sarai: coci kada ya karɓi ko kwabo daga gwamnati, jama'arsa su ɗauki nauyinsa. Da Hausawa ne da sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

18 ga Mayu 1843

Babbar girgizar daga cikin cocin ƙasar ta taso. A 1834 masu ra'ayin bishara suka sami rinjaye a Babban Taro, suka yi doka cewa in mafi yawan magidantan ikkilisiya suka ƙi wanda mai fili ya kawo, to ba za a naɗa shi ba. A shekarar nan aka gwada dokar a Auchterarder: cikin magidanta 330, mutum 287 suka ce ba sa son Robert Young. Ya kai ƙara, kotun ƙasa ta ba shi gaskiya a 1838, Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ɗaukaka ƙara ta ƙarshe, ta tabbatar a 1839. A Marnoch abin ya fi muni, domin fastoci bakwai na gundumar Strathbogie sun bi umarnin kotu suka naɗa wanda jama'a suka ƙi, Babban Taro ya tuɓe su, kotu kuma ta ce tuɓewar ba ta yi ba. Yanzu magana ta wuce zaɓen fasto, ta koma ko alƙalin gwamnati zai iya gaya wa coci wanda za ta ɗora wa hannu da wanda za ta hora. An rubuta wa Landan koke a 1842, gwamnatin Robert Peel ta yi watsi da shi.

Ranar 18 ga Mayu 1843 Babban Taro ya zauna a cocin St Andrew da ke titin George a Edinburgh. Shugaba mai barin gado, David Welsh, maimakon ya buɗe taro sai ya karanta takardar ƙin amincewa, ya ajiye ta a kan tebur, ya ɗauki hularsa ya fita. Thomas Chalmers, jagoran masu ra'ayin bishara, ya bi bayansa, layi bayan layi suka miƙe. Suka gangara da ƙafa, jama'a cike da titi, har zauren Tanfield, inda suka kafa Free Church, Chalmers ne shugaban farko. Fastoci sama da 450 cikin kusan 1,200 suka bar cocin ƙasa, da kusan dukan 'yan mishan da ke ƙasashen waje. Ka tuna abin da kowannensu ya sa hannu ya saki: albashi na har abada, gidan da iyalinsa ke ciki, gonar fasto, da cocin da ya yi shekaru yana wa'azi. Wani mai zane, David Octavius Hill, ya so ya zana su duka, sai ya haɗa kai da Robert Adamson suka riƙa ɗaukar su hoto ɗaya bayan ɗaya don kada fuskokin su ɓace masa. Hotunan nan suna cikin mafi daraja na farkon sana'ar ɗaukar hoto a duniya, zanen kuwa sai 1866 ya ƙare.

Abin da ya fi burge ni ba fitar ba ce, shirin da aka yi mata ne. Chalmers masanin lissafi ne da tattalin arziki, ya kuma lissafa cewa in kowane ɗan ikkilisiya zai ba da kwabo ɗaya a mako, a bi gida-gida a tara, a zuba a asusu ɗaya, a raba wa fastoci daidai wa daida, to attajiran Glasgow za su riƙe faston tsibirin da ba shi da komai. Haka kuwa aka yi. Cikin shekara huɗu suka gina coci sama da 700, ga gidajen fastoci, ga ɗaruruwan makarantu, ga kwalejin New College a Edinburgh. Inda masu filaye suka hana su wurin gini, sai a yi sujada a bakin hanya ko bakin teku cikin sanyi da ruwan sama. A Strontian mai ƙasar ya hana su ko taku ɗaya, sai suka tara kuɗi aka ƙera musu coci na ƙarfe mai yawo a kan ruwa, aka jawo shi a 1846 aka ɗaure a mashigin teku na Sunart, mutane na zuwa da kwale-kwale. Ana cewa da ganin yadda ya nutse ake sanin yawan masu sujada, inci ɗaya ga kowane mutum 100.

Sai dai kada ka ɗauka Free Church ra'ayinta ɗaya da United Presbyterian. Chalmers ya faɗa tun ranar farko cewa har yanzu sun yarda gwamnati ta tallafa wa coci, sharaɗin kawai kada ta mulke shi. Akwai kuma tabon da ba na ɓoye wa ɗalibai. Cikin neman kuɗi, Free Church ta karɓi gudummawa daga coci-cocin kudancin Amurka masu mallakar bayi. A 1846 Frederick Douglass, wanda shi kansa ya tsere daga bauta, ya zaga biranen Sikotland yana kira a mayar da kuɗin. Ba a mayar ba. Mutanen da suka bar gidajensu don 'yancin ikkilisiya suka kasa sakin 'yan dubban fam don 'yancin ɗan Adam, alhali jikokin 'yan Alkawari da ke Amurka tun 1800 suka hana mai bawa zama ɗan cocinsu.

Masu komawa da masu ƙin komawa

A 1874 majalisa ta soke ikon masu filaye, wato asalin abin da aka yi faɗa a kai ya kau. Daga nan sai haɗuwa, amma kowace haɗuwa sai ta bar 'yan tsiraru a baya. Mafi yawan mabiyan Cameron sun shiga Free Church a 1876, kaɗan suka tsaya. A 1892 Free Church ta sassauta yadda fasto zai sa hannu kan littafin Westminster, sai fastoci biyu daga arewa, Donald Macfarlane da Donald Macdonald, suka fita a 1893 suka kafa Free Presbyterian. Wannan kam rabuwa ce ta akida, kuma daga nan gaba akida ta fi iko yawa a dalilan saɓani. A 1900 Free Church da United Presbyterian suka zama United Free. Fastoci da ba su kai 30 ba suka ƙi, suka kai ƙara cewa su ne Free Church ta ainihi, kuma a 1904 Majalisar Dattawan Birtaniya ta ba su dukan dukiyar cocin, gine-gine da kwalejoji da asusun mishan, abin da ba za su iya ko share shi ba. Sai da majalisa ta yi doka a 1905 aka kafa kwamiti ya raba. Ka ga yadda cocin da ya fita don kada kotu ta yi masa hukunci ya ƙare a gaban kotu. A 1921 doka ta amince cewa cocin ƙasa yana da cikakken 'yanci a al'amuran ruhaniya, sai a 1929 United Free ta koma Church of Scotland, nan ma wasu suka tsaya da tsohon sunan.

Yanzu sai ka koma kan littafinka. Hope Waddell ya iso Kalaba a 1846 tare da Kiristoci baƙar fata daga Jamaika, inda ya yi aiki a baya, a zamanin Sarki Eyamba na Duke Town da Sarki Eyo na Creek Town, United Secession na ɗauke da nauyinsu. Shekara ɗaya bayan haka cocin ya zama United Presbyterian, shi ya sa Mary Slessor, ma'aikaciyar masaƙa daga Dundee, ta zo da wannan suna a 1876. Ta rasu a 1915 tana ƙarƙashin United Free, daga 1929 kuma aikin ya koma hannun Church of Scotland. Mishan ɗaya ne, uwar gidan ce ke sake suna. Daga gare shi makarantar Hope Waddell ta fito a 1895, wadda Nnamdi Azikiwe da Akanu Ibiam suka yi karatu a cikinta, da kuma Presbyterian Church of Nigeria. A Gana ma, da aka kori 'yan mishan Basel a lokacin yaƙin duniya na farko, 'yan United Free ne suka karɓi aikin.

Abin da suka bari

Da na zauna da tsofaffin littattafan majalisar dattawa na waɗannan ikkilisiyoyi a ma'ajiyar tarihi a Edinburgh, abin da na fi gani ba muhawarar akida ba ce, lissafi ne. Kuɗin hayar kujera, bashin gini, albashin fasto, taimakon gwauraye, baikon mishan. Masaƙi ne ma'aji, mai shago ne magatakarda, kuma su ke zaɓe, su ke tuhuma, su ke duba asusu. Mutanen da ba su da ƙuri'a a zaɓen ƙasa sun koyi tafiyar da hukuma a cocinsu. A wurina wannan ne babban gadonsu, kuma duk ikkilisiyar da ke zaɓar fastonta ta kuma biya shi daga aljihunta tana tafiya a kan turbar da suka share, ko ta sani ko ba ta sani ba. Sun kuma girmama karatu ƙwarai. John Brown na Haddington makiyayin tumaki ne da ya koya wa kansa Helenanci da Latin da Ibrananci, har wasu suka zarge shi da cewa Shaiɗan ne malaminsa, ya ƙare yana horar da fastocin Burgher.

Littattafan nan dai sun nuna ɗaya fuskar. Za ka ga an kira mutum gaban dattawa don ya je ya saurari wa'azin faston wata ɗariƙa, ko ya yi aiki ranar Lahadi, mace kuma ta tsaya gaban jama'a kan cikin shege. Hayar kujera ta sa mai kuɗi gaba, matalauci baya, wani ma ya daina zuwa. Kafin Jibin Ubangiji, wanda a wurare da yawa hidima ce ta kwana biyar daga azumin Alhamis zuwa godiyar Litinin, dattawa kan raba wata 'yar alama ta dalma mai ɗauke da sunan coci ko shekara. Wanda bai sami tasa ba, ba zai zauna a tebur ba, kuma duk gari zai sani.

A yau ƙananan ɗariƙun suna nan: Free Church, Free Presbyterian, United Free, Reformed Presbyterian, da waɗanda suka sake ɓallewa. A 1989 Free Presbyterian ta dare bayan ta hori dattijonta Lord Mackay, wanda a lokacin shi ne shugaban ɓangaren shari'a na Birtaniya, don ya halarci jana'izar abokan aikinsa alƙalai 'yan Katolika. Free Church ma ta rabu a 2000, a 2010 kuma ta yarda a rera waƙoƙi da kayan kiɗa. Ƙarfinsu yana arewa da tsibirai, musamman Lewis, inda har yanzu za ka ji Zabura da harshen Gaelic ba ganga ba molo: mai ja ya rera layi, jama'a su amsa a hankali, kowa na lanƙwasa muryarsa yadda ya ga dama. A can sai a 2009 jirgin ruwan fasinja ya fara tashi daga Stornoway ranar Lahadi. A birane kuwa gine-ginen ne suka rage. Garin da ya gina coci uku a titi ɗaya saboda gasa, yau ɗaya ya zama gidan abinci, ɗaya gidajen haya. Cocin titin St Vincent a Glasgow, wanda Alexander Thomson ya zana wa United Presbyterian, yana cikin waɗanda ake alfahari da su. Ƙidayar 2022 ta nuna kashi 51 cikin ɗari na mutanen Sikotland sun ce ba su da addini, kashi 20 ne kawai suka ce su 'yan Church of Scotland ne.

Ni malamin tarihi ne, ba alƙalin akida ba, don haka ba zan yanke maka wa ya yi daidai a 1893 ko a 1900 ba, kuma abin da ya shafi rayuwar tsibirai masu shi sun fi ni iya faɗa. In za ka yi rubutun kammala karatu a kan wannan, ka sani kowace ɗariƙa ta rubuta tarihinta da hannunta, kowace kuma ta mai da kanta magajiyar Knox ta gaskiya, saboda haka duk rabuwar da ka ɗauka ka nemi bayanin ɓangarorin biyu. Littattafan ikkilisiyoyin da suka ɓalle suka dawo suna National Records of Scotland a Edinburgh ƙarƙashin lambar CH3, na cocin ƙasa kuma CH2, kuma an ɗora wani ɓangare na irin waɗannan takardu a shafin intanet na ScotlandsPeople.